Tokar Tanderun Alhaji Tanko

Ranar Laraba da hantsi aka ga kututturan. Kafin azahar labari ya baro bayan garin Makka, ya ratsa unguwar Zahir, ya hau lungunan Utaibiyya, kowane baki ya ƙara masa gishiri. Itatuwan samur uku, masu ƙayar nan dangin bagaruwa, waɗanda suka girmi duk mai ba da labarin, an sare su a filin marigayi Alhaji Tanko. An toya su a tsohon tanderun gawayin nan na dutse da ya shekara arba'in bai ga wuta ba, an kwashe gawayin kaf. Sare samur a ƙasar nan laifi ne babba, hukuma ba ta wasa da shi, ga shi kuma ana gab da sayar da filin.

Mutane ba su wahalar da kansu wajen neman mai laifi ba. Ai ga Garba mai gadi nan, mutumin da ya biyo ta Cadi, gawayi kuwa sana'ar gidansu ce. Waɗanda suka fi cin tuwo kwano ɗaya da shi a wajen suna su suka fara rantsuwa cewa dama sun daɗe ba su yarda da idonsa ba.

Mukhtaru mai bin sawu ya ji duk wannan daga tagarsa, ya ja labule. Shekararsa sittin da takwas, ga ciwon suga, ga gwiwa. Tun yana saurayi makiyayan daji suka koya masa karanta ƙasa, ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin ɓatattun raƙuma da tsofaffin alhazai da suka saki hanya. Yanzu abin da yake so a duniya bai wuce a bar shi da shayinsa ba. Sai ga sallamar mace a ƙofa.

Rumasa'u ce, 'yar Garba, wadda ke ɗinkin abaya a ƙasan unguwa. Ta durƙusa a bakin ƙofa tana haki saboda matakala.

"Baba Mukhtaru, Talal na gidan masu filin ya ce ranar Lahadi, da an buɗe ofis, zai kai ƙarar babana. Shi ne kafilinsa, shi ya tsaya masa, iƙamar babana, takardar zamansa a ƙasar nan, a hannunsa take. In ya kai, kalas, jirgi za a sa shi."

"Ina za a kai shi?"

"Inda ya baro shekara talatin. Ba shi da kowa can, ko kabarin da zai ziyarta bai sani ba."

"Shi me ya ce?"

"Ya ce ba shi ba ne. Daga nan ya rufe baki."

Mukhtaru ya dubi gwiwoyinsa, ya dubi yarinyar. Ya so ƙwarai ya ce mata ya daina wannan aiki. Ya miƙa hannu ya ɗauko sandarsa yana jin haushin kansa.

*

Filin yana gindin wani dutse, tafiyar rabin sa'a a tsohuwar motarsa. Da ya sauka ya ga abin da aka yi wa ƙasar, sai da ya yi salati. Talal, babban jikan Alhaji Tanko, ya zo da masu awon fili, masu awo sun kira mai saye, mai saye ya zo da surukansa, kowa ya zaga kututturan yana ɗaukar hoto. Ko raƙumi ne ya wuce nan, an riga an tattake sawunsa.

"Ammi Mukhtar, ba sai ka wahala ba," in ji Talal. Hausarsa ba ta tafiya nisa sai ta jingina da Larabci, Ammi a bakinsa baffa ke nan. "Mushkila a fili take. Mai saye ya ce in hukuma ta gani, ko mu kawo mai laifi, ko laifin ya hau kan masu fili. Wa ke da makulli? Garba. Wa ya iya gawayi? Garba."

"Kai kaɗai ne mai fili?"

"Na Ummi ne, gadon babanta. Ni ke riƙe da takardu. Ba na son a tayar mata da hankali, shekaranjiya suka dawo daga Ɗa'ifa ita da ƙanena Fahad. Sati biyu suka yi, saboda zafi."

Garba yana tsugune a inuwar ɗakinsa na kwano, siriri, furfura ta cinye gemu. Mukhtaru ya zauna a kan wata jarka, gwiwa ta yi ƙara.

"Ina kake da aka yi wannan?"

"Arfa. Ana kafa tantuna, aikin Hajji ya matso. Hajiya, mahaifiyar su Talal, ta ba ni hutun sati biyu, ta ce in je in samu na kashewa."

"To ai shi ke nan, kawo wanda kuka yi aiki tare."

Garba ya yi murmushin da babu daɗi a ciki. "Malam Mukhtaru, iƙamata ta gadi ce. In na ce na yi aiki a Arfa, na fita daga wannan rami na faɗa wancan. Har da mutumin da ya taimake ni."

Gaskiya ne, Mukhtaru bai ma ja maganar ba. Ya tashi ya nufi tanderun. Gini ne na dutse mai kamar tulun da aka kife, tsayinsa ya ninka na mutum, da ƙaramar ƙofa a ƙasa, da taga can sama, da ƙananan kafofi jeri uku a kewaye, duk an liƙe su da sabon taɓo. Ƙofar ta yi ƙasa ƙwarai, shi ya sa a cikin masu farar riga babu wanda ya shiga. Ya ajiye sanda, ya yi rarrafe yana tsine wa ranar da ya koyi wannan sana'a.

A ciki duhu ne da warin ƙuna. Masu kwasar gawayi sun share tsakiya da shebur, amma can jikin bango ba su taɓa ba. Ya haska da wayarsa. A kan daɓen akwai zobba, zobe kusa da zobe, kamar an kife kofunan shayi a kan tire an ɗauke. Manya daga ciki, ƙanana suna bin bango, tsakaninsu kuma ɗigo-ɗigo, babu inda yatsa zai shiga. Ya daɗe yana kallo kafin ya fito da baya.

"Garba, ku a wajenku yaya ake toya gawayi?"

"A kwantar da itace a ƙasa, a jera kan juna, a rufe da ciyawa, a bi da ƙasa. A sa wuta ta gefen iska."

"A kwantar."

"A kwantar mana. Wa zai tsayar da itace kamar sahun salla?"

"Ka leƙa cikin nan?"

Garba ya kau da kai yana duban kututturan. "Biyu daga cikinsu dama sun bushe a tsaye tun da rijiya ta ƙafe," ya ce. "Na ukun ma saura kaɗan." Abin da ya amsa ke nan, ba kuwa shi aka tambaye shi ba.

*

Zargi na biyu da ke yawo a gari shi ne Garba ya sayar da gawayin ga Sami mai sirriya, wato tsiren nan namu da Makkawa suka mayar nasu. Ranar Alhamis da la'asar Mukhtaru ya same shi a shagonsa a kasuwar Zahir yana barbaɗa yaji. Sa'o'in juna ne, tare suka yi kiwon ragunan layya suna yara.

"An ce kana gasa nama da kayan sata."

"An ce kai ma ka mutu bara," in ji Sami. "Zo ka gani." Ya ja shi bayan shago ya buɗe kwali. Gawayin kamfani ne, mai kusurwa, duk tsawo ɗaya, daga wata ƙasa can gabas. "Wannan abin kunya da shi nake aiki shekara goma. Ba ƙanshi, ba ƙarko. Wallahi da gawayin samur ya shigo kasuwar nan, da hancina ya riga ka sani."

Mukhtaru ya duba buhuna, ya duba toka a murhu. Fara ce fat, mai laushi, ba ta samur ba. Ya zauna a kan benci ya karɓi shayi, ransa a jagule, don kwana ɗaya ya tafi a banza.

"Ka taɓa ganin tanderun nan yana aiki?"

"Ni da na yi wa Alhaji Tanko dakon itace shekara huɗu?" Sami ya goge hannu, ya zauna. "Ka san shi da ya iso ƙasar nan a ƙafa, ba Makka ya fara zama ba. Arewacin ƙasar ya yi, wajen masu haƙar zinariya. Can ya ga irin tanderun da ake toya gawayin narka dutse da na maƙera, ya dawo ya gina nasa. Mutum ne mai rowar sani, Allah ya jiƙansa. Mu kawo itace mu zube a ƙofa, in za a jera sai ya kore mu. Yalla, ku je ku sha ruwa."

"Shi kaɗai yake jerawa?"

"Shi yake tsayar da manyan. Toshe tsakani kuwa sai ƙaramin hannu. Ba shi da ɗa namiji a lokacin, sai 'yarsa. Ta shiga fes, ta fito baƙa ƙirin sai haƙora, mu yi ta mata dariya. Yau ga ta Hajiya Maryama, ko gaisuwa sai an nemi izini." Ya yi dariya, sai ya ga abokinsa bai taya shi ba. "Lafiya?"

"Suga ya yi yawa a shayin nan," in ji Mukhtaru.

*

Bayan sallar Juma'a ya tsaya a ƙofar gidansu Talal. Fahad ne a waje yana wanke motarsa mai buɗaɗɗen baya. Ƙato ne, ya haura arba'in, bai taɓa riƙe aiki ya shekara ba, kuma sau biyu wansa yana zuwa fito da shi daga hannun hukuma saboda rigimar tuƙi. Na biyun Talal ya rantse a gaban mutane cewa babu na uku.

"Yaya Ɗa'ifa?"

"Alhamdu lillah, ya Ammi. Sanyi."

"Me ya sami hannunka?"

Fahad ya dubi ƙarce-ƙarcen da suka cika masa damtse, ya ja hannun riga. "Ƙayar fure. Ummi ta ce in tsinko mata."

"Furen Ɗa'ifa ya yi girma bana," in ji Mukhtaru.

Daga cikin gida ana jin hayaniyar mata da ƙarar keken ɗinki. Bikin Arwa, 'yar Talal, saura kwana goma. Mukhtaru ya ce a gaya wa Talal gobe bayan la'asar yana son kowa a falo, har da Hajiya. Ya koma mota ya zauna bai tayar ba. Ya san matar nan tun suna yara, ita ta yi wa matarsa wanka ranar da ta rasu. Ya ji gajiya irin wadda barci ba ya maganinta.

*

Falon ya sha sanyin na'ura. Hajiya Maryama tana kan kujera a kusurwa, carbi a hannu, shekara saba'in da biyu, fuska ba yabo ba fallasa. Talal yana duba agogo. Fahad ya rakuɓe kusa da taga. Sami ya zo da warin hayaƙinsa. Garba ya tsuguna a bakin kafet, Rumasa'u tana tsaye bayansa a ƙofa.

"Sawu dai kun kashe shi," Mukhtaru ya fara, "sai abin da tanderu ya gaya mini. Sami ba ruwansa. Abin da zan iya cewa shi ne, ko wane ne ya yi aikin nan, bai san komai ba. Ya watsa itace a ciki yadda ya ga dama, ya cinna wuta ta ƙasa, ya liƙe kafofi gaba ɗaya don sauri. Rabi ya zama toka, rabi ɗanye. An kashe itatuwan Alhaji Tanko, an ɓata masa tanderu, ba a sami ko abin dafa shayi ba. Aikin ɗan koyo ne, irin na wanda ya saba binne itace a ƙasa."

"Ka ji ko," in ji Talal. "Kalas."

Rumasa'u ta toshe baki da mayafi. Garba bai ɗago ba. Mukhtaru bai dubi kusurwa ba, amma kunnensa yana can, ya ji carbi ya tsaya. Ya fara tsoron ya yi kuskure, ya tura bawan Allah jirgi da bakinsa.

"Mukhtaru," in ji Hajiya, "ka san ƙarya kake yi."

"Na sani, Hajiya."

"Ka kuma san na san dalilin da ya sa kake yin ta." Ta ajiye carbin a cinya. "Ba a watsa itace ba. Tsayar da shi aka yi, gindi a ƙasa, manya a tsakiya, ƙanana suna bin bango. Aka toshe tsakani da ƙirare har iska ta rasa hanya. Da ƙasa ta cika aka liƙe ƙofa, aka ƙarasa ta tagar sama. Wuta daga sama take saukowa. Jerin kafofin sama ake fara buɗewa. Hayaƙi ya yi fari, ya yi rawaya, in ya koma shuɗi a liƙe da taɓo a buɗe na ƙasa da shi. Kwana bakwai ana binsa, kwana biyar yana hucewa. Ko guda ɗaya bai fito ɗanye ba. In ka buga biyu ƙara suke kamar ƙarfe."

Talal ya buɗe baki. "Ummi, Ɗa'ifa..."

"Ban ga Ɗa'ifa ba. A ɗakin Garba na kwana. Fahad ya sare, ya tsayar inda na nuna masa, ni na shiga da gwiwoyin nan na toshe."

"Lesh, ya Ummi? Don me?"

"Don Arwa." Ta dube shi. "Babu 'yar gidan nan da aka taɓa kai wa ɗakin miji ba da buhun gawayin Baba ba. Da shi take hura kaskon turarenta na farko. Ni da shi aka kai ni. Abin da ya bari na yi ta tsimi, na ba ƙannena, na ba 'yan'uwanka mata, na ba matarka, ya ƙare. Na ji ka a waya kana cewa da an sa hannu katafila za ta shiga ta baje komai, itace da tanderu. Na ce gara su tafi ta hanyar da ya saba. Da na tambaye ka, da ka ce haramun ne a doka, ka sayo mata na kwali."

"To da na ce zan kai ƙarar Garba, me ya hana ki magana?"

Ta dubi Fahad, ta sunkuyar da kai. "Ka rantse babu na uku. Na ce bari in ga ko za ka huce."

Talal ya jingina da kujera. Ba mugu ba ne, mutum ne da ya saba komai ya zo masa a takarda. Ya daɗe yana murza goshi, sannan ya ce da Larabci babu ƙarar da za a kai a kan kowa sai shi, shi zai je ya ce an sare busassun itatuwa a filinsu da sanin iyali, abin da aka yanke ya ɗauka. In mai saye ya fasa, ya fasa. Ya juya wajen Garba ya ce, "Ma'alesh, ya Ammi Garba. Ka yafe."

Rumasa'u ta fashe da kuka. Mukhtaru ya juya wajen mai gadi.

"Garba," ya ce, "ka leƙa tanderun, ko ba haka ba?"

"Tun ranar da na dawo. Na ga zobban. Na kuma ga an share mini ɗaki, an ninke bargo irin ninkin da ba na namiji ba."

"Ka yi shiru."

"Na ci abincinta shekara talatin. Ba bakina ne zai faɗa ba. Na ce ita za ta faɗa." Ya ɗan tsaya. "Laraba na ce yau. Alhamis na ce yau. Juma'a na ce ai yau babbar rana ce."

Hajiya Maryama ta rufe fuska da gefen mayafi. Da ta buɗe, idonta ya yi ja. Ta ce wa Fahad ya je ɗakin ajiya ya ɗauko buhu ɗaya. Ya kawo ya dire a tsakar falo, gawayin ya yi ƙara kamar an zube cokula.

"Wannan na Rumasa'u ne," ta ce. "Ranar da za a kai ta ɗakinta, ta hura kaskonta da shi, kamar kowace 'yar gidan nan."

Kowa a falon ya san ba ta da abin da ya fi wannan daraja da za ta bayar. Garba ya dubi buhun, ya daɗe. Sannan ya dafa ƙasa ya miƙe, ya gyara hularsa.

"Allah ya saka da alheri, Hajiya. A ba masu shi. Rumasa'u ba 'yar gidan nan ba ce. Da ina zaton haka, amma kwana ukun nan sun gyara mini."

Ya yi sallama kamar yadda ya saba, ya sa takalmansa a bakin ƙofa, 'yarsa ta bi shi. Ba wanda ya tsayar da su. Mukhtaru ya ɗauki sandarsa ya bi bayansu a hankali, don shi zai mayar da Garba bakin gadinsa, ba shi da wani wurin kwana. Da ya waiwaya daga ƙofa, Hajiya tana nan inda take, buhun yana tsaye a gabanta, baƙin gari yana zubowa ta gindinsa a kan kafet.